Minti Huɗun da Almakashi Ya Yanke

Akwai wani mutum, edita ne a wani kamfanin shirya fina-finai. Aikinsa shi ne a kawo masa hotunan da aka ɗauko ɗanye, ya zauna gaban kwamfuta mai allo biyu, ya yanke nan ya liƙa can, har labari ya miƙe. Abokan aikinsa suna kiransa Almakashi, don hannunsa ba ya rawa wajen yanka. Darakta zai yi kwana uku yana wahala kan fitowa ɗaya, Almakashi ya kalle ta sau ɗaya ya ce, "Ba ta da aiki," ya cire ta. Abin haushin kuma, yawanci shi ke da gaskiya.

Na fara da wannan ne don ku san irin mutumin. Ya iya aikinsa, ya kuma san ya iya. Irin waɗannan mutanen ba su da mugunta, amma ba su shawara sai ka shirya.

Yana da 'ya ɗaya, shekarunta shida. Uwarta ce ta laƙaba mata Aku saboda surutu. Tun daga ƙofar makaranta har gida bakinta ba ya rufuwa: wanda ya faɗi a filin wasa, wanda ya manta fensir, abin da malama ta ce da abin da ya kamata malama ta ce.

Sai Allah ya yi wa uwar rasuwa. Ciwon ya daɗe a jikinta tana ɓoyewa, amma kwanciyar asibitin kwana tara ce kawai. Ranar da aka kai ta asibiti aka ɗauki Aku aka kai ta gidan goggonta, yayar Almakashi, wata mai ɗinki. A can ta zauna har aka gama karɓar gaisuwa, gida ya watse.

Kafin a dawo da ita, Almakashi ya tara dangi ya kafa doka. Kada wanda ya gaya wa yarinyar. Idan ta tambaya, a ce Mama ta yi tafiya.

Goggo ta ce, "Tafiya zuwa ina? Yarinya ce, ba wawiya ba ce. In ta ce yaushe za ta dawo, me za mu ce?"

Ya ce, "Yaya, 'yata ce. Na san abin da zuciyarta za ta iya ɗauka. In ta girma ta sani."

Goggo ta ƙyale shi, don ta ga idonsa. Tun ranar da aka binne matarsa ba wanda ya ga hawayensa, kuma mutumin da ya ƙi kuka ba a cika ja da shi ba.

Aku tana son fim ɗin yara na zane, irin wanda take kallo da uwarta ranar da ba makaranta. Mako biyu da dawowarta, uban ya samo mata wani sabo, ya kunna, ya zauna gefenta. Ba a yi minti goma ba sai ga uwar yarinyar cikin fim a kwance, kiɗa ya yi sanyi. Almakashi ya yi wuf ya kashe talabijin, ya ce fim ɗin ya lalace.

Washegari a wurin aiki ya bi sauran fina-finan yara ɗaya bayan ɗaya. Wannan marainiya ce. Wancan maraya ne. Ga baƙin daji, ga dodo, ga muguwar tsohuwa, ga gwaji uku da sai an ci kafin a tsira. Ransa ya ɓaci.

Ya ce wa abokan aikinsa, "Masu yin fim ɗin yaran nan ba su da tausayi. Na'urori na zamani, zane kamar ka taɓa, amma labarin tsohuwar tatsuniya ce suka kwaso da ƙurarta. Dole sai an kashe uwa? Dole sai an tsorata yaro? Ku ba ni awa ɗaya in gyara musu."

Haka kuwa ya yi. Lokacin da kowa ya fita cin abincin rana, shi yana zaune yana yanka. Duk inda aka yi ciwo ko mutuwa, ya cire. Duk inda dodo ya buɗe baki, ya cire. Daji in ya yi duhu, ya taƙaita shi. Ya daidaita kiɗan yadda ko gwani ba zai ji inda aka haɗa ba. Fim goma sha ɗaya ya gyara haka, ya zuba su a filashi ya kai gida. Waɗanda ta saba kallo da uwarta kuwa ya goge su gaba ɗaya.

A cikin sababbin akwai wanda Aku ta fi so, labarin 'yar wata masaƙiya. Bari in gaya muku yadda yake a asali, don nan maganar take.

Yarinyar tana wasa a ɗaki, ta ture fitilar uwarta, ta fashe. Uwar ta juyo ta dube ta. Daga nan sai tari ya kama uwar, ta dafa bango, ta jawo yarinyar jikinta ta ce fitila ba komai ba ce, ana sayen wata. Aka nuna ciwon yana cin ta, damina ta wuce, rani ya shigo, maƙwabta suna zuwa dubiya, har ranar da ta cika. Duka wannan minti huɗu ne. Bayan haka aka nuna yarinyar zaune ita kaɗai a bakin ƙofa, kafin ta shiga daji neman ruwan da dodo ya tare wa garinsu.

Almakashi ya cire minti huɗun nan cif. A fim ɗin da Aku take kallo, yarinya ta fasa fitila, uwa ta juyo ta dube ta, sai kawai ga yarinya ita kaɗai a bakin ƙofa. Ba a ƙara ganin uwar ba har fim ya ƙare.

Aku ta kalli wannan fim ya fi sau ashirin.

Sannu a hankali surutun ya ragu, har ya ɗauke. Yarinyar da ke watsa takalmi ɗaya a falo ɗaya a kicin ta koma jera su a bakin ƙofa. Ta sha shayi ta wanke kofinta da kanta, ta riƙe shi da hannu biyu har ta ajiye. A cikin gidan ubanta take tafiya da sanɗa kamar baƙuwa. Kullum da yamma in ya dawo, tambayarta ɗaya ce.

"Baba, yau na yi laifi?"

Shi kuwa sai ya shafa kanta ya ce, "Ko kaɗan. Ke ai yarinyar kirki ce."

Har yabon kansa yake yi. Ya ce wa Goggo a waya, "Kin gani ko? Ta yi hankali. Ba kuka, ba rigima, ko Mamar ma ta daina tambaya."

Goggo ta ce, "Ni ban ga hankali ba. Yarinya 'yar shekara shida da ba ta ɓarna, ba ta gardama, ba ta tambayar uwarta, wani abu ne yake cin ta. Ka zauna da ita."

Ya ce, "Yaya, ke dai ki yi ɗinkinki."

Wallahi jama'a, nan ne raina ya fi ɓaci da shi. Yarinya tana narkewa a gabansa, shi yana ganin aikinsa ne ya yi kyau.

Wata biyar aka yi a haka.

Wata Asabar da safe Goggo ta zo kawo wa Aku rigar makaranta da ta rage mata. Almakashi yana shirin fita, akwai aikin da za su miƙa ranar Litinin. Ya sha ruwa ya ajiye kofin gilashi a bakin tebur, ya juya yana neman makullin mota. Aku ta zo ɗauke kofin don ta kai kicin. Hannunta da sauran sabulu. Kofin ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa.

Yarinyar ta sandare. Sai ta durƙusa ta fara kwashe gilashin da hannu, da sauri da sauri, tana haɗa guntayen kamar za su koma. Ɗaya ya yanke ta a yatsa, ko kallon jinin ba ta yi ba.

Goggo ta ce, "Ke, sake shi, zai ji miki ciwo."

Daidai lokacin Almakashi ya ga makullin, ya ɗauka. Ƙarar makullin nan da ta ji, sai ta zubar da gilashin ta ruga ta tare ƙofa da jikinta, ta ware hannuwa. 

"Baba kada ka tafi. Zan gyara. Wallahi zan gyara. Ba zan ƙara ba."

Ya ce, "Aiki fa zan je, Aku. Kofi ne kawai."

"Haka Mama ma ta tafi."

Ya ajiye makullin. Ya durƙusa a gabanta. Goggo ta kama yatsan tana naɗe shi da gefen mayafinta.

Ya ce, "Me kika ce?"

Maganar da ta riƙe wata biyar ta fito a guntu-guntu, tana shessheka. Ranar da za a kai ta gidan Goggo, da safe, ta hau kujera ta ɗauko kwalbar turaren Mama don ta shinshina, ta faɗi ta fashe. Mama tana kwance a gado, ta juyo ta dube ta, ba ta ce komai ba. Daga nan aka zo aka ɗauke ta. Da ta dawo, babu Mama.

"Kamar 'yar masaƙiya," in ji ta. "Ita ma da ta fasa fitila, mamarta ta dube ta, ta tafi, ba ta dawo ba. In yaro ya fasa abu, tafiya ake yi a bar shi."

Da wani uban ne, sai an yi masa bayani. Almakashi bai buƙaci bayani ba. Abu na farko da ake koya wa edita ke nan: in ka jera hoto biyu, wannan bayan wannan, mai kallo zai ɗauka na farkon ne ya jawo na biyun. Shi da kansa ya sha faɗa wa sababbin ma'aikata haka. Fitila ta fashe, uwa ta ɓace. Da hannunsa ya liƙa su, ya kuma gyara kiɗan don kada a ji wurin haɗin. Kuma abin da ya yi wa fim ɗin shi ya yi wa rayuwar yarinyar: ya cire ciwon, ya cire asibitin, ya cire mutuwar, ya bar ta da kwalbar turare da gidan da ba uwa.

Ya zauna a ƙasa cikin gilashin nan.

Goggo ta wanke wa Aku yatsa, ta sa mata filasta, ta zaunar da ita a ɗaki da ruwa a kofin roba. Sannan ta dawo ta ja ƙaninta kicin, ta turo ƙofa.

Ya ce, "Yaya, kare ta nake son yi."

Ta ce, "Na sani. Ba wanda ya ce ba ka son ta. Amma ka tuna lokacin da Kaka take mana tatsuniya? Kai ne matsoracin gidanmu. Da an zo wurin dodo sai ka cusa kai cikin zanenta. Gobe kuma kai ne na farkon cewa a sake wannan ta dodon. Me ya sa?"

Ya ce, "Don na san yadda za ta ƙare."

"To. Kana jin tsoron, amma kana jikin Kaka, kuma ka san yarinyar za ta fito. Haka kullum, har tsoron ya zama wanda ka sani. Da Inna ta rasu kana ɗan shekara tara, ka yi kuka kamar ranka zai fita, amma ba ka taɓa cewa kai ka kashe ta ba. Ka riga ka san marayu, ka san uwa tana mutuwa ba da laifin kowa ba, ka san maraya yana rayuwa. A bakin Kaka ka san su. Masu fim ɗin nan da kake zagi, abin da Kaka take yi suke yi, sai dai su da zane. Kai ka zo ka cire wa yarinya dalili, ka bar ta ta nemo nata. Yaro kuwa in ya nemi dalili shi kaɗai, kansa yake samu."

Almakashi ya ce, "Ki gaya mata. Ni ba zan iya ba."

Ta ce, "A'a. Kai ka ce tafiya ta yi. Daga bakinka za ta ji."

Ya daɗe tsaye a bakin ƙofar ɗakin kafin ya shiga. Aku tana zaune a gefen gado, ta riƙe kofin robar da hannu biyu. Ya zauna kusa da ita.

"Aku, na yi miki ƙarya. Mama ba tafiya ta yi ba. Ba ta da lafiya ne, tun da daɗewa, tun kafin ki fasa turare. Ciwon yana cikin jikinta, likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu bai warke ba. Mama ta rasu. Ba za ta dawo ba."

Yarinyar ta dube shi. "Ba don turaren ba?"

"Ba don turaren ba. Ranar nan da ta dube ki ba ta yi magana ba, ƙarfin maganar ne ba ta da shi. A asibiti kullum sai ta tambaye ni ko kin ci abinci, ko Goggo ta yi miki kitso. Turaren ko sau ɗaya ba ta ambata ba."

"Ba ta yi fushi da ni ba?"

"Ba ta yi ba. Da ana barinta ta zaɓa, da tana nan."

Sai Aku ta fashe da kuka. Ba irin na ɗazu na firgita ba, kuka sosai na yaron da ya rasa uwa, wanda ya kamata ta yi tun wata biyar da suka wuce. Ya rungume ta. Goggo tana bakin ƙofa tana share hawayenta da mayafi. Ba wanda ya ce wa Aku ta yi shiru.

Da ta lafa, tana kwance a ƙirjinsa, sai ta ce, "To mamar 'yar masaƙiya fa? Ita ina ta tafi?"

Ya ce, "Ita ma ba tafiya ta yi ba. Akwai wurin da na cire a fim ɗin. Ni na cire."

"Ina son in gani."

Ya kira wurin aiki ya ce yau ba zai zo ba. Ya buɗe kwamfutarsa ya nemo fim ɗin na asali. Bayan azahar suka zauna a falo su uku, Aku a tsakiya.

Fitila ta fashe. Uwa ta juyo. Wannan karon fim bai yi tsalle ba. Uwar ta yi tari, ta jawo 'yarta, ta ce fitila ba komai ba ce. Damina ta wuce, rani ya shigo, maƙwabta suka cika ɗaki. Aku ba ta ƙifta ido ba.

Ta ce, "Baba, mayar baya."

Ya mayar. Suka sake kallo. Ta ce a sake, ya sake. Sau uku, kuma duk sau ukun wurin da uwar take cewa ba komai ne take matso da fuskarta kusa da allo. A na huɗu ta ce, "To, a ci gaba."

Yarinyar cikin fim ta ɗauki tulunta ta shiga daji. Wannan dajin Aku ba ta taɓa ganinsa ba, don a nata fim ɗin taku biyar ne an fita. Nan kuwa duhu ya rufe, itatuwa suka haɗe, ƙaya ta yaga mata riga. Ta haɗu da wata tsohuwa mai jin yunwa, ta raba guzurinta biyu ta ba ta. Ta ci gaba, hanya ta ɓace mata. Ta zauna a gindin wata bishiya ita kaɗai, ta kira uwarta sau biyu, ba amsa. Can nesa ana jin numfashin dodo.

A nan Almakashi ya karye. Mutumin da bai yi kuka a asibiti ba, bai yi a maƙabarta ba, ya zo ya yi shi a gaban fim ɗin yara. Ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna girgiza, ya kasa tsayar da shi.

Aku ta juyo ta dube shi. Ta ɗora hannunta mai filasta a kan gwiwarsa tana bubbugawa a hankali.

"Baba, kada ka ji tsoro. Za ta fita."

Da ƙyar ya ce, "Ya aka yi kika sani? Ai ba ki taɓa ganin nan wurin ba."

Ta ce, "Mama ta gaya mini. In muna kallo na ji tsoro, sai ta ce in bar idona a buɗe, duk wanda ya shiga irin dajin nan yana fita. Wani dai yana daɗewa."

Ta gyara zama, ta jingina da shi.

"Kai ma buɗe idonka, Baba. Ina nan."

Ya sauke hannunsa daga fuska, suka kalli sauran tare.

Darasi: Iyaye, son da muke yi wa 'ya'yanmu kada ya sa mu yanke musu gaskiya. Maraya da baƙin daji da dodo da ke cikin tatsuniya, waɗanda fina-finan yara na yau suka gada, ba don mugunta aka sa su ba. Ta nan yaro yake fara sanin cewa rashi yana zuwa ba da laifinsa ba, cewa alheri yana da amfani ko a cikin wahala, kuma ana shiga duhu a fita. Ku tantance abin da ya dace da shekarunsu, wannan haƙƙinku ne, amma ku zauna ku kalla tare da su, ku amsa tambayarsu da gaskiya daidai hankalinsu. Yaron da aka ɓoye wa dalili, kansa yake ɗora wa laifi. In ka san wani gida da aka yi rashi kuma akwai ƙananan yara, tura musu wannan labari, wataƙila akwai yaron da yake jiran a zauna a gaya masa.